Sabar da ba a tarayya da kowa: wacce ce ke jure hari, kuma a iya ƙara mata ƙarfi?

SabonShiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan dandali. Shafin duba sakamakon jarrabawa ne da biyan kuɗin makaranta, yanzu yana kan VPS (yanki ne na sabar da ake tarayya da wasu) mai RAM 8GB. Ranar da aka saki sakamako sai ya durƙushe, kuma sau biyu an yi masa ruwan DDoS (harin cika shafi da zirga-zirga daga na'urori da yawa don ya durƙushe) har kamfanin ya rufe adireshin IP ɗin. Ana son a koma sabar ta mutum shi kaɗai. Tayi biyu ne a gaba. Na farko mai araha: RAM 64GB, faifan NVMe biyu na 512GB, layi 1Gbps, an rubuta "kariyar DDoS kyauta". Na biyu ya kusa ninka kuɗi: RAM 32GB amma ECC (mai gyara kuskure da kansa), gurbin faifai huɗu, kariya "har 20Gbps". Masu shiga kusan duk daga Najeriya ne, ta waya. Wanne za a kama?

TsohonHannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a duba RAM, a fara gane wane irin hari aka yi maka, don "kariyar DDoS" suna ɗaya ne a kan abubuwa daban-daban.

Akwai harin cika layi. Maharin yana aika ƙananan tambayoyi ga sabobin DNS (masu fassara sunan shafi zuwa IP) ko NTP (masu daidaita agogo) ko memcached (masu ajiyar bayanai na wucin gadi) da aka bari a buɗe, ya sa adireshinka a matsayin mai tambaya, su kuma su juyo maka da amsoshi masu ninkin girma. Da memcached aka kai wa GitHub hari na 1.35Tbps a Fabrairun 2018. Irin wannan, duk abin da ka saka a cikin sabar ba zai yi magani ba: layinka 1Gbps ne, kafin fakitin ya iso katangar tsaronka bututun ya riga ya toshe. Sai dai kamfanin ya tace shi a nasu layin. Abin da aka yi maka a VPS ɗin, wato rufe IP, hanyar da masu araha ke bi ke nan: su jefa duk zirga-zirgar adireshinka a rami don su ceci sauran kwastomomi. Sun gama wa maharin aikinsa ke nan.

To "har 20Gbps" ɗin nan, ka rubuta musu ka tambaya: idan ya kai 21 fa? Idan amsar ita ce rufe IP, na tsawon awa nawa, kuma wa ke buɗewa? Ka tambaya ko matatar a kunne take kullum, ko sai an gano hari ake karkata zirga-zirga zuwa gare ta, don a tsakanin ganowa da karkatawa shafi yakan ɗauke. Ka kuma tambaya ko ana lissafa datan hari a cikin kason datanka na wata. OVHcloud da Hetzner duk suna haɗa tacewa irin wannan a cikin kuɗin sabar, saboda haka "kyauta" ba lallai ta zama ta banza ba.

Amma shafi irin naka, abin da ya fi kayar da shi shi ne harin HTTP. Buƙatu ne masu kama da na ɗalibai na gaske, dubbai a daƙiƙa, duk a kan shafin binciken sakamako, kowacce tana tayar da PHP (manhajar da ke haɗa shafin) da MySQL (rumbun bayanansa). A ma'aunin layi ba zai kai 50Mbps ba ma, matatar kamfani ba za ta ko motsa ba, CPU kuwa ya cika. Maganinsa a sa shafin bayan Cloudflare (kamfanin da ke tace zirga-zirga kafin ta iso sabar) ko makamancinsa, sannan a katangar sabar a bar ƙofa 80 da 443 (waɗanda ake buɗe shafin yanar gizo ta cikinsu) ga adiresoshin Cloudflare kaɗai. Inda ake yin tuntuɓe: a bar imel yana fita daga sabar ɗaya, ko rikodin MX (wanda ke nuna sabar karɓar imel) yana nuna ainihin IP, ko a taho da tsohon adireshin da tarihin DNS ya riga ya adana. An kulle ƙofar gida an bar taga. Sabuwar sabar, sabon IP, kuma kada ya taɓa bayyana a DNS a fili ko na minti ɗaya.

MaiSukundireba ya amsa:

Ranka ya daɗe TsohonHannu ya gama da hari, bari in taɓa ƙarin ƙarfi. A VPS danna maɓalli ake yi. A nan kuwa ƙarfe ne a cikin kabad, sai ma'aikaci ya kashe ta ya buɗe da hannu, saboda haka abin da allon uwa zai ɗauka shi ne iyakarka.

Ka nemi su faɗa maka gurbin RAM nawa ne, kuma nawa ne a cike. Mai arahar nan da alama allon kwamfutar tebur ne mai gurbi huɗu. Idan 64GB ɗin sanda huɗu ne na 16, zuwa 128 sai an cire duka an sa na 32. Idan sanda biyu ne na 32, ƙari kawai za a yi. ECC yana gyara kuskuren biti ɗaya da kansa, kuma inda ake rubuta lissafin kuɗin mutane ni shi nake fifitawa. Faifai ma haka: 512GB biyu a RAID 1 (inda ɗaya ke kwafin ɗayan) suna ba ka 512GB ne, ba 1TB ba, kuma idan gurbin M.2 biyu ne kacal, ranar da ya cika sai ƙaura. CPU kuwa kusan ba a sauya shi, sabuwar sabar ake kamawa.

Don haka kada ka sa hannu a kwantiragin shekara tun farko. Biya wata-wata, duba kuɗin haɗawa na farko, ka tabbatar akwai IPMI ko KVM (hanyar sarrafa sabar daga nesa kamar kana gabanta), don ranar da ka rufe kanka a waje da dokar katanga guda ɗaya ta nan za ka shiga.

SabonShiga ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. To idan na sa iyakar buƙatu a nginx (manhajar da ke karɓar buƙatun shafin), misali goma a daƙiƙa ga kowane IP, ya wadatar?

TsohonHannu ya amsa:

A yi hattara. Layukan waya irin MTN da Airtel suna tara masu amfani da yawa a bayan IP ɗaya, sai ka kori ɗalibai na gaske ranar sakamako kana zaton mahara ne. Kuma idan kana bayan Cloudflare ba ka saita nginx ya karanta CF-Connecting-IP (inda Cloudflare ke rubuta ainihin IP na mai shiga) ba, adireshin Cloudflare zai riƙa ƙirgawa, ya toshe kowa. Ka sa iyakar a shafin shiga da na bincike kaɗai, ka ba ta sarari. Sakamako ba ya canzawa bayan an sake shi, ka ajiye shi a Redis (ma'ajiyar bayanai mai sauri a cikin RAM) don kada kowace dubawa ta je MySQL. Idan ka ga "nf_conntrack: table full, dropping packet" a dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux), teburin haɗi ne ya cika, a ɗaga nf_conntrack_max.

HajiyarLinux ta amsa:

Ni dai na biyun zan ce, matuƙar sun amsa tambayar 21Gbps a rubuce. RAM 32GB ya ninka abin da kake da shi sau huɗu, kuma akwai wurin ƙarin faifai. Sai dai babu wanda ya yi zancen kwafin ajiya. RAID yana kare mutuwar faifai ne kawai. A Maris 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na OVHcloud a Strasbourg, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da sabar suka rasa duka biyun. Kwafi kullum dare zuwa wani kamfani daban, kuma a gwada dawo da shi duk wata.

Sai wurin zama. Sabar a Turai ta dogara da wayoyin ƙarƙashin teku, an ga yadda intanet ta yi rauni a Najeriya a Maris 2024 da wayoyin MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace lokaci ɗaya. Cibiyoyin Legas masu haɗi da IXPN (mahaɗar kamfanonin intanet ta Najeriya) sun fi kusa da ɗalibanka, amma ka yi musu tambayoyin tacewar nan iri ɗaya. Wajen ƙaura, kwana biyu kafin ranar ka sauke TTL na DNS (tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshi) zuwa daƙiƙa 300, ka kwashe fayiloli da rsync (manhajar kwafar fayiloli tsakanin sabobi), ka bar tsohon VPS a kunne mako guda, kuma kada ka yi ta a makon sakamako.