Neman kalma: idan kamfani ya saye kamfani

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina da rahoton kasuwanci da za a karanta a rediyo ƙarfe shida nan Abuja, kan kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, yadda manyansu ke saye ƙanana. Turawa na cewa "acquisition". Na rubuta "saye", edita ya ce bai cika ba. Ku agaza.

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. "Haɗiya" ce kalmar, kamar yadda babban kifi ke yi wa ƙarami. Haka nake koya wa ɗalibaina.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, akwai cikas. A 2016 Avago ya kammala sayen Broadcom kan dala biliyan 37, sai ya ajiye sunansa ya ɗauki na wanda ya saya. To wa ya haɗiye wa?

Ɗan Jos: "Saye" ɗin ma da gyara. Da AMD ya karɓi Xilinx a Fabrairun 2022, ba tsabar kuɗi ya ƙirga ba, hannun jarinsa ya ba masu Xilinx. Ni "mallake" zan ce.

Malamin Hausa: Mallake? Mai sauraro a Nyanya zai ɗauka asiri aka yi wa Xilinx. Wannan ai Hausar Jos ce.

Ɗan Jos: Haba Malam. Hausar Jos ɗin ce ake ciniki da ita daga Terminus har Bukuru, kuma ba wanda ya taɓa neman tafinta. Ba a Kano kaɗai aka yanke wa Hausa cibiya ba.

Malamin Hausa: Ban ce ba. Amma tun da an taɓo, ita "kamfani" ma aro ce. Muna da "masana'anta", sai lalaci.

Ɗan Jos: Arm ba shi da masana'anta ko ɗaya, zane yake sayarwa wasu su ƙera. Nvidia ma TSMC na Taiwan ke ƙera masa. Me za ka kira su?

Mai gyaran waya: Yaya, ku bar wahalar da kanku. Mu a kasuwar waya ta Banex "aisi" muke ce wa ƙwaƙwalwar wayar, kuma kowa na ganewa. In shago ya sayi shago cewa muke "ya saye shi", shi ke nan.

Mai fassara: Don Allah mu dawo, lokaci na tafiya. Rabin rahoton ma kan cinikin da bai faɗa ba ne. Nvidia ya nemi Arm daga hannun SoftBank kan dala biliyan 40 a 2020, hukumomin hana babakere a Amurka da Ingila da Turai suka tsaya kai da fata, aka fasa a 2022. Intel ma ya janye daga sayen Tower a 2023 da Sin ta ƙi sa hannu. Zan iya cewa "haɗiyar da ba ta yiwu ba"?

Ɗan Jos: Sai a ce ta maƙale a maƙoshi.

Malamin Hausa: Ku yi ta dariya. Amma yunƙurin Broadcom na mallakar Qualcomm fa, wanda Trump ya hana a 2018? Shugabannin Qualcomm ba su so ba tun farko. "Saye" ba ta ɗauke wannan.

Mai fassara: Nan kam da gaskiyarka, zan sa "sayen dole". Sauran kuwa "saye", na AMD in ƙara "da hannun jari". Na tura wa edita.

Malamin Hausa: To, na yau ne. A ajina dai haɗiya ce.