OSPF: yaya ake gane nau'in yanki daga ma'ajiyar LSA kaɗai?

Sani, Jidda

Assalamu alaikum injiniyoyi. Rauta ce ta Cisco a babban ofis a Riyad, tana aiki da OSPF, tsarin da rautoci ke musayar hanyoyi da shi, kuma ita ce ABR, wato rautar da ke haɗa yanki na 0 da sauran yankuna. Tana cikin yanki na 0, sannan ta riƙe yanki na 10 na reshen Jidda, na 20 na Madina, da na 30 na Dammam. Izinin da ke hannu na dubawa ne kawai, show running-config ba ya buɗewa. Da aka buga show ip ospf database, wanda ke nuna ma'ajiyar LSA, wato sanarwar hanyoyi da rautoci ke aika wa juna, yanki na 10 yana da layi 14 a ƙarƙashin Summary Net Link States, ɗaya daga ciki 0.0.0.0 ne. Na 20 layi ɗaya tak, shi ma 0.0.0.0. Na 30 layi 13, babu 0.0.0.0, amma akwai sashen Type-7. Can ƙasa kuma ga Type-5 a jere. To tunda akwai Type-5, ai babu stub ke nan, wato yankin da hanyoyin waje ba sa shiga, ko? Kuma mutanen Dammam suna isa ga sabobin Riyad, amma intanet ba sa fita.

Abu Maryam, Riyad

Wa alaikumus salam Malam Sani. Type-5 ɗin ce ta ruɗe ka. Sake duba kan wannan sashe, za ka ga babu lambar yanki a jikinsa, alhali sauran sassan duk suna da ita. LSA nau'i na 5 ba ta yanki ɗaya ba ce, tana zaga tsarin gaba ɗaya, in ban da yankunan da aka toshe mata. Tunda rautarka tana da ƙafa a yanki na 0, dole ta riƙe su. Ganinsu a kan ABR bai gaya maka komai ba game da Jidda ko Madina.

Abin dubawa shi ne nau'i na 3, na 4 da na 7, yanki bayan yanki. Na 1 da na 2 kowane yanki yana iya samunsu. Na 2 ma DR ce ke fitar da shi, wato rautar da aka zaɓa ta wakilci layin da ake tarayya a kansa, don haka in layin nau'in point-to-point ne, inda ba a zaɓen DR, ba za ka gan shi ba, kuma wannan ba alamar komai ba ce.

Na Jidda stub ne. Hanyoyin sauran yankuna suna shiga, sannan ABR ta ƙara hanyar sifiri, wato 0.0.0.0, a matsayin nau'i na 3, da tsadar 1 in ba a taɓa area 10 default-cost ba. Ka tabbatar babu sashen Summary ASB Link States a yankin, domin nau'i na 4 ba ya shiga stub. A yanki na gama-gari hanyar sifiri ta nau'i na 5 take zuwa, ta fito a teburin hanyoyi da O*E2. A stub kuwa O*IA ce.

Na Madina shi ne stub da aka ƙara wa no-summary. An toshe masa duk nau'i na 3 sai hanyar sifiri. Wannan kalma a kan ABR kaɗai ake sa ta, rautocin cikin yankin area 20 stub kawai suka sani.

Na Dammam NSSA ne, wato yanki mai kama da stub amma da ke iya shigo da hanyoyi daga waje, tunda nau'i na 7 ba ya rayuwa a ko'ina sai can.

Ummu Khalid, Madina

Abu Maryam ya yi daidai, amma a yi hattara da hukunci daga rashin abu. Yankin da babu nau'i na 4 da na 5 ba lalle stub ba ne, wataƙila tsarin ne ba shi da ASBR ko ɗaya, wato rautar da ke shigo da hanyoyi daga wajen OSPF. NSSA ɗin da ba a shigo masa da wata hanya daga waje ba shi ma ba zai nuna Type-7 ba, kuma in an sa masa no-summary, ma'ajiyarsa da ta Madina kamar an tsaga kara. Ga kuma area filter-list, wanda ke iya rage nau'i na 3 har yanki ya yi kama da rufaffe.

Shaidar da ba ta ƙarya tana cikin filin Options. E-bit a kunne yake a yanki na gama-gari, a kashe a stub da NSSA, sannan NSSA na kunna N-bit a saƙon Hello, wanda rautoci maƙwabta ke gane juna da shi. A Juniper, show ospf database yana da shafin Opt: 0x22 na nufin E-bit na nan, 0x20 babu shi, 0x28 kuma nau'i na 7 ne da ake son a fassara zuwa nau'i na 5. Masu Huawei, display ospf lsdb zai ba ku Sum-Net, Sum-Asbr, External da NSSA, karatun duk ɗaya ne.

Kuma Malam Sani, ai show ip ospf ba ya buƙatar babban izini. A ƙarƙashin kowane yanki zai faɗa maka ƙarara ko stub ne ko NSSA. In ƙidaya kake so, show ip ospf database database-summary zai jera adadin kowane nau'i a kowane yanki.

Sani, Jidda

Na gode Yaya, na buga, haka yake. Saura maganar Dammam.

Abu Maryam, Riyad

Amsar na cikin abin da ka kawo: babu 0.0.0.0 a yanki na 30. A Cisco, ABR tana jefa hanyar sifiri cikin stub da kanta, amma ba ta yin haka a NSSA, don ana zaton yankin zai iya samun tasa ƙofar fita. Nau'i na 5 ba ya shiga, hanyar sifiri babu, to ta ina fakiti zai bi zuwa intanet? Sabobin Riyad kuwa ta nau'i na 3 suke zuwa, shi ya sa suke aiki.

Mai izinin gyara ya zaɓi ɗaya a kan ABR. area 30 nssa default-information-originate zai fitar da ita a matsayin nau'i na 7, ta bayyana a Dammam da O*N2, layukan 13 su zauna. area 30 nssa no-summary kuwa zai share layukan, ya bar hanyar sifiri ta nau'i na 3, O*IA. Ga reshe mai ƙofa ɗaya na fi son na biyun, tebur ya fi sauƙi.

Kada wani ya ce bari a mayar da shi stub a huta. Stub ba ya karɓar ASBR, hanyoyin da Dammam ke shigowa da su daga waje za su ɓace. Kuma da zarar an canza nau'in yanki a gefe ɗaya, Hello ya saɓa, maƙwabtaka ta faɗi har sai an gyara kowace rauta a yankin. In rautar Dammam ta wannan layin ake shigarta, sai a fara da ita kafin ta Riyad.

Bayan gyara ka buga show ip ospf database nssa-external. Hanyoyin Dammam su nuna Type 7/5 translation, hanyar sifirin da ABR ta ƙirƙira kuma ta nuna No Type 7/5 translation, don kada ta koma yanki na 0. Ka duba Forward Address ma: in adireshin ba ya cikin teburin rautocin yanki na 0 ta OSPF, za su riƙe LSA ɗin a ma'ajiya amma ba za su sa hanyar a tebur ba.