Masu sassaƙa dusar ƙanƙara: me suke nema a aikin da zai narke?

Baban Hafsat, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na fara da abin da ya jawo ta.

Ni aikin jibis nake yi a nan Jidda, shekara goma sha tara ke nan. Silin, kusurwoyi, furannin da ake kewaye fitila da su. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, magini ne a Zariya, ginin ƙasa, shi ya fara ɗora min hannu a kan yaɓe tun ban kai shekara goma ba.

A sanyin da ya wuce aiki ya kai mu Tabuka. Muna can aka ce dusar ƙanƙara ta sauka a Jabalul Lauz, dutsen nan da tsayinsa ya haura mita 2,500. Ranar da ba mu da aiki muka yi sammako mu biyar a mota ɗaya muka hau. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa taɓa ta ba sai ran nan. Na cika hannu na matse, sai ta dunƙulu kamar dawo. Ban san lokacin da na koma mota na ɗauko cokalin aikina ba. Na tara ta a kan wani faffaɗan dutse, na danne da tafin hannu, na shafe samanta, na fara yanka dagi irin wanda Baba yake yi a saman ƙofar zaure. Tana yankuwa fiye da jibis, ba ta gardama ko kaɗan. Amma kafin na rufe zagaye na biyu yatsuna sun daina ji, kuma da rana ta ɗaga sai gefen da ke kallon gabas ya fara ƙyalli, layukan suka fara cika da ruwa. Na ɗauki hoto da sauri na tura wa 'yata Hafsat.

Ita ce ta turo min bidiyoyi da daddare, ta ce Baba ai har gasa ake yi ta duniya. Na ga gini fari fat ya fi bene hawa uku, da ginshiƙai da tagogi, na ga wani abu mai lanƙwasa kamar an murɗa zane, sirantarsa kamar ka hura ya faɗi. Ban yi barci da wuri ba.

To ga abin da nake son wanda ya sani ya warware min. Yaya abin yake tsayawa, ba rodi ba siminti? Sannan waɗannan siffofi, akwai abin da suke nufi ne ko gwanintar hannu ce kawai? Na ukun shi ya fi tsaya min a rai: mutum ya kwashe kwanaki cikin wannan sanyi yana aikin da ya san mako ɗaya ko biyu ba zai tarar da shi ba, me yake nema?

Abu Yasir, Riyad

Wa alaikumus salam Baban Hafsat. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don a Harbin na yi karatu, can arewa maso gabashin Sin, inda sanyin Janairu yake wuce digiri 20 ƙasa da sifili kamar ba komai ba.

Da farko a raba abu biyu da mukan haɗa su da suna ɗaya. Akwai ƙanƙara mai tauri kamar gilashi. A Harbin daga kogin Songhua ake yanko ta idan ya daskare a Disamba, a jera ta kamar bulo, a sa fitilu masu launi a ciki. Ita ce aka fi gani a hotuna. Akwai kuma dusa, wadda ka taɓa. Ita ake sassaƙawa a tsibirin da suke kira Tsibirin Rana, a tsallaken kogin. Ni wannan ta fi burge ni, kuma ina jin kai ma haka, don ba launi a cikinta. Inuwa ce kaɗai take fito da aikin.

Batun tsayawa, sirrin yana wajen dannewa. Ba dusar da ta sauko ta kwanta ake sassaƙawa haka nan ba. Akwatin katako ake kafawa, a riƙa zuba dusa ana tattakewa, a zuba a tattake, har ya cika. A bar ta ta kwana ta kama jikinta, sannan a cire katakon, sai ka ga curi guda tsaye kamar dutsen alli. Ka san yadda ake kirɓa ƙasar gini da ƙafa kafin a yi tubali, to kusan haka ne. A Breckenridge ta jihar Kolorado a Amurka, inda ake gasa duk Janairu, kowace ƙungiya curi ɗaya ake ba ta mai tsayin ƙafa 12, nauyinsa wajen tan 25, kuma mutanen gari ne suke shiga akwatin su tattake da ƙafafunsu. Kwana biyar ake ba su. Doka ta hana inji, ta hana launi, ta hana a soka wani abu a ciki don ya riƙe. Daga zarto sai shebur, magagari, waya, da 'yan ƙarafan da kowa ya ƙera wa kansa. Shi ya sa za ka ga suna barin ginshiƙan dusa suna tallafe da wurare masu haɗari, sai daren ƙarshe su sare su. A nan ake gane gwani. Yakan faru aiki ya rufta ana saura sa'o'i kaɗan alƙalai su zo. Babban abokin gabarsu rana ce, kamar yadda ka gani da idonka, har tampol suke ratayawa don su kare aikin.

Wancan babban gini da Hafsat ta turo maka, ina kyautata zaton daga Sapporo ne a Japan. Bikinsu a 1950 ya fara, 'yan makaranta ne suka yi siffofi shida a dandalin Odori. Daga 1955 sojojin ƙasar suka shigo da manyan motoci da ma'aikata, abin ya girma har ana kwaikwayon fadoji da manyan gine-ginen duniya, wasu tsayinsu ya kai mita 15. Gasar ƙasa da ƙasa kuwa a 1974 suka ƙara ta. Kuma a can ba sa jiran rana ta narkar. Ana gama biki sai a kawo motar rusau ta ture su, don kada su faɗo wa mutane. Wanda ya yi aikin yana iya tsayawa yana kallo.

Maman Walid, Makka

Yaya Baban Hafsat, tambayarka ta uku ni zan amsa, don kusan kullum ana yi min ita.

Lalle nake yi. Amarya za ta zauna min sa'a huɗu, wani lokaci biyar, tun daga yatsu har gwiwar hannu, ƙafa har ƙauri. Bayana ya ƙage, idona ya yi ja. Bayan mako biyu ka duba hannun, ba komai sai ɗan ja-ja a farce. Amma ban taɓa zama na yi wa wata aikin ganin dama don na san zai goge ba. Ranar da aka yi shi dominta, ranar yake yi wa aiki. Akwai wata yarinya marainiya da na yi wa bara, da na gama ta ɗaga hannuwanta tana juyawa a gaban fitila, ta daɗe ba ta ce komai ba, sai hawaye. Ta ce irin zanen da ke hannun mahaifiyarta ne a hoton aurenta. Ni ban taɓa ganin hoton ba.

Wani abu kuma, da lalle ba ya gogewa da tuni na daina samun inda zan gwada sabon zane. Hannu ɗaya nake yi wa ado sau goma, kowane da irin nasa. Ina jin su ma masu dusar haka ne, kowace shekara farin curi sabo yake jiransu.

Ɗan Gwaggo, Madina

Ni a kicin ɗin otal nake, ɓangaren 'ya'yan itace da kayan zaƙi, kuma ina ɗan taɓa sassaƙar kankana da gwanda. Wanda ya koya min ɗan Tailan ne, mun yi shekara uku tare. Shi ya fara ba ni labarin gasar Sapporo, don alfahari yake da ita sosai.

Baban Hafsat, ka san ƙasarsu zafi ne da ruwan sama kamar Legas, dusa ba ta sauka. Amma su suka ci gasar sau uku a jere, 2018 da 2019 da 2020. A Sapporo mutum uku ne ƙungiya, curin kuma mita uku ta kowane gefe. Hannun da ya saba da kankana da ƙanƙarar teburin biki shi ya je ya ɗauko kofi a gaban mutanen da aka haifa cikin dusa.

Batun ma'ana, akwai ta ƙwarai. Ba a zuwa a fara sara haka kawai. Tun kafin tafiya ake aika zanen abin da za a yi da bayaninsa, wasu ma da ɗan ƙaramin samfuri suke zuwa suna aunawa daga jikinsa. Waɗancan 'yan Tailan, shekara ɗaya zakarun faɗa suka yi, wata shekarar kifin nan nasu mai baza jela, duk abin gidansu ne suka kai wa duniya ta gani. Ta ukun kunkurun teku suka yi, kira ne a kan halittun ruwa da ake cutarwa. Da yawa yanzu a kan muhalli da ɗumamar yanayi suke magana, kuma ina ganin ba wanda ya fi su hujja, don kayan aikinsu ne yake ƙarewa. A 2020 dusa ta yi ƙaranci a Sapporo har sai da aka riƙa ɗauko ta a mota daga nesa.

Abin da yake min ciwo, ban taɓa ganin ƙungiya daga gida ba. Masu sassaƙa turmi da gizago, masu zanen ƙwarya, maginan Kano da Zariya, wa ya fi su hannu? Kuɗin jirgi da biza da wanda zai tsaya musu ne babu.

Malam Abu Sumayya, Makka

Allah Ya saka wa kowa. Zan ƙara abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba, tunda an ambaci zakaru da kifaye.

Wannan magana ta taɓa tasowa a nan ƙasar. A Janairun 2015, da dusa ta sauka a yankin Tabuka mutane suka riƙa yin mutum-mutumi da raƙuma, aka tambayi Shaikh Muhammad Salih al-Munajjid. Ya ce bai halatta a yi siffar mai rai da dusa ba ko da wasa ne, amma abin da ba shi da rai kamar bishiya, jirgin ruwa, 'ya'yan itace da gine-gine, ba laifi. An yi ta muhawara a lokacin, wasu suna ganin abin da zai narke kafin la'asar bai kai a tsananta ba. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Abin da nake so Baban Hafsat ya lura da shi, ƙofar da ta rage a buɗe ba ƙarama ba ce. Kai da kake Jidda, kullum kana wuce ƙaton keken nan na ado da sassaƙe-sassaƙen bakin teku da aka kafa zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi, mafi yawansu ba siffar mai rai ba ne. A gasar Breckenridge ɗin ma, tun 1999 wani malamin lissafi, Stan Wagon, ya riƙa zuwa da abokansa suna sassaƙa siffofin lissafi zalla, lanƙwasa da ramuka masu shiga juna, har sun ci lambobi. Dagin da ka yanka a kan dutse ɗan gidansu ne. Kuma wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya ya san mun daɗe da sanin yadda ake sa abu mai laushi ya ɗauki nauyin kansa.

Baban Hafsat, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta kowace amsa sau biyu.

Abu Yasir, maganar inuwa da ka yi ta mayar da ni gida. Baba ba ya yarda mai gida ya zo duba zane da tsakar rana. Sai bayan la'asar yake kiransa, lokacin da rana ta karkata kowane layi ya fito da zurfinsa. Ni ma har yau idan na gama silin sai na kashe fitilar tsakiya na haska tocila daga gefe, nan nake ganin inda hannuna ya yi rawa.

Maman Walid, gaskiya ban faɗi ainihin abin da ya sa na yi tambayar ba. Shekara huɗu da suka wuce na je gida, na ce bari na kai Hafsat ta ga zauren da kakanta ya fi ji da shi, wanda ya yi wata biyu yana zana fuskarsa. Muka tarar mai gidan ya rasu, magada sun rushe sun yi shaguna na bulo. Ko hotonsa ba ni da shi. Na daɗe ina jin kamar an zubar da wahalarsa ne. Amma da kika yi maganar hannu ɗaya da ake yi wa ado sau goma, sai na tuna ai duk bayan damina muna komawa gidajen da ya yi, ruwa ya cinye rabin zanen, mu sake yaɓe mu shafa makuba, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci a kan haka ba. Wani lokaci ma canza zanen yake yi.

Na sa kafintan da muke aiki tare ya yanka min katako huɗu, mita ɗaya-ɗaya, da ƙugiyoyin da za a iya kwancewa. Dusar Jabalul Lauz ba ta da kauri kuma ba ta daɗewa, sai mun tara ta da shebur daga wurare da yawa, mu fara tun kafin rana ta fito. Idan Allah Ya kai mu sanyi mai zuwa kuma ta sauka, da Hafsat za mu hau. Abu Yasir, idan an gama tattakewa, sa'a nawa ne mafi ƙaranci da za a bar ta cikin akwatin kafin a cire katakon?