Fitilar tsaro mai sensa tana kamawa in mota ta wuce, amma ba ta ganin mutum sai ya zo dab

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin wuta ku taimaka min da shawara. Na sa fitilar tsaro irin mai sensa ɗin nan da take kamawa da kanta in an yi motsi, LED ce wat 30, sensar a manne take a ƙasan fitilar. Na kafa ta saman ƙofar shiga tana kallon get kai tsaye, tsayinta daga ƙasa zai kai mita uku da rabi don a tunanina in ta yi sama za ta fi hango nesa kuma hannun yara ba zai kai ba. To matsalar ita ce mutum zai shigo ta get ya taho har ya kusa taka bakin ƙofa sannan ta kama, alhali a jikin kwalin an rubuta tana gani har mita 12, amma kuma mota ko babur in ya wuce a titi can waje nan take za ta kama, get ɗin na sanduna ne ana hango titi, dare guda tana kunnawa tana kashewa har maƙwabcina ya fara ƙorafi don hasken yana dukan tagarsa. Wani lokacin kuma sai ta kama ta ƙi mutuwa har gari ya waye. A ƙasan sensar akwai 'yan abin murɗawa guda uku an rubuta TIME, LUX da SENS, na murɗa su ta ko'ina ban ga wani canji na kirki ba. Shin lalatacciya ce in mayar, ko dai saiti ne?

Mai_Wayarin:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kar ka mayar tukuna, duk abin da ka lissafa halin sensa mai lafiya ne da aka kafa inda bai dace ba.

Irin wannan ana ce mata PIR, kuma ita ba kyamara ba ce, ba siffar mutum take gani ba, ɗumin jiki take ji. Farar robar nan da ke gabanta in ka duba da kyau za ka ga an tsattsaga ta gida-gida, kowane gida yana kallon wani yanki na tsakar gidan, to sai abu mai ɗumi ya fita daga wani yanki ya shiga wani sannan take ganewa an yi motsi. Shi ya sa wanda ya gifta ta gabanta daga hagu zuwa dama take kama shi tun daga nesa, don ya ratsa yankuna da yawa, amma wanda ya miƙo kanta kai tsaye yana iya yin taku da yawa a cikin yanki ɗaya ba ta ji komai ba. Kai kuma ka sa ta tana kallon get ido da ido, mai shigowa miƙowa yake, motar titi kuma giftawa take ga inji da zafi. Ka ga ai dole ta fifita motar. Mita 12 ɗin da ke jikin kwali ma na mai giftawa ne, na mai miƙowa bai kai haka ba ko kusa.

Sai tsayi. Yawancinsu an ƙera su ne don mita 2 zuwa biyu da rabi, duba takardar cikin kwalin za ka gani. In ta wuce haka sai ta bar wani fili a ƙarƙashinta da ba ta gani sam, kuma ta riƙa leƙa abin da ke bayan katanga wanda ba ruwanka da shi. Ka sauko da ita, in da hali ka matsar da ita gefe ta yadda mai tahowa daga get zai ratsa ta gabanta a karkace, sannan ka ɗan sunkuyar da kan sensar ƙasa. Sunkuyarwar nan ita ce ainihin abin da ke rage nisa, ta fi murɗa SENS, wato saitin ƙarfin jinta, aiki.

Gwajin kuma da rana ake yi ba sai ka tsaya cikin duhu kana lalube ba. Murɗa LUX, wato saitin irin duhun da za ta fara aiki, zuwa alamar rana, TIME, wato tsawon lokacin da take zama a kunne, zuwa ƙarshen ƙasa wajen sakan 10 ke nan a yawancinsu, SENS a tsakiya. In ka ba ta wuta za ta kama da kanta na kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, wannan ba matsala ba ce tana daidaita kanta ne, ka bari ta mutu. Sai ka sa wani ya yi tafiya a hankali ta inda kake so ta riƙa gani, in ta kama ya tsaya cak har ta mutu, sannan ya ci gaba. Da haka za ka gane iyakarta ta kowane gefe. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, in ka murɗa uku a tare ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba.

Ummu_Sadik:

Slm, ni ba ma'aikaciyar wuta bace amma tamu ta taba hana mu barci haka. Ashe gizo ne ya yi saka a gaban robar, haske na jawo kwari shi kuma ya zo farauta, duk sanda ya bi ta kan robar sai ta kama don abin da ke dab da ita ko karami ne babba take jinsa. Tsumma mai dan danshi kawai aka sa aka goge. Ka duba kuma ko akwai injin esi na waje ko wani abu mai fitar da iska mai zafi a inda take kallo, da reshen bishiya da iska ke kadawa, da mage, wlh mage kam sai hakuri. Na titin kuma in ka sunkuyar da ita bai isa ba, yanko bakin salatif na wuta dan siriri ka manna a bangaren robar da ke kallon titi da gidan makwabcin, kadan-kadan kana gwadawa kar ka rufe da yawa. Wasu ma suna zuwa da 'yan murafai na roba a cikin kwalin na wannan aikin, mutane zubarwa suke don ba su san amfaninsu ba.

Baban_Ilham:

Allah ya saka da alheri Malam Mai Wayarin, na gode Hajiya. Maganar giftawar nan ta zauna min sosai. To saura wadda take kamawa ta ƙi mutuwa har safiya fa? Don TIME ɗin ban kai shi ƙarshe ba.

Injiniya_Tsoho:

Ɗan uwa wannan abu biyu ne nake zargi. Na farko TIME ba daga sanda ta kama yake ƙirgawa ba, daga motsi na ƙarshe ne, duk sanda ta sake jin wani abu sai ƙirgen ya koma farko, to in ka sa minti biyar kuma titin naku ba ya yin minti biyar ba abin hawa, ai ba ranar mutuwa. Na biyu, da yawansu suna da wani tsari da in ka kashe makunnin bango ka sake kunnawa da sauri cikin sakan ɗaya ko biyu, sai fitilar ta zauna a kunne ta daina bin sensa, an yi shi ne don mai son haske ya zauna in yana aiki a waje. Matsalar, in wuta ta ɗan ƙifta ta dawo ita ba ta bambancewa, ɗauka take kai ne ka ba ta umarni. Maganinsa ka kashe makunnin ka bar shi kamar minti ɗaya sannan ka kunna. In ka yi haka, ka rufe robar gaba ɗaya da kwali ko tsumma mai kauri, lokacin TIME ya wuce kuma har yanzu tana ci, to nan ne za a ce rile ɗin ciki, wato ɗan makunnin da sensar ke kunna fitilar da shi, ya manne ko ruwa ya shiga, sai canji.

Tunda za ka sauke ta, don Allah kashe bireka ba makunnin bango kawai ba, kuma ka taɓa wayoyin da testa kafin ka sa hannu, ana samun gidan da aka yanke nutural a makunni aka bar layif yana tafiya, fitila a mace amma waya da rai kuma kana kan tsani. In jikin fitilar ƙarfe ne dole a haɗa wayar at, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta, mai kore da rawaya. Wayar da ke kawo wa fitilar wuta kuma ta shigo ta ƙasa, ka bar mata ɗan lanƙwasa ta sauka ƙasa kafin ta hau ta shiga, ruwan sama sai ya ɗiga daga lanƙwasar maimakon ya bi ta ciki. Duba lambar IP ma, wato lambar da ke nuna yadda take jure ruwa da ƙura, IP44 in tana ƙarƙashin rumfa, in ruwa zai riƙa dukanta kai tsaye nemi IP65.

Ni a ra'ayina dai irin mai haɗe da sensa ɗin nan ba na son ta a wuri irin naka, don inda haske ya kamata ya kalla daban inda sensa ta kamata ta kalla daban. Gara sensa mai zaman kanta a gefen katanga, fitila kuma a inda kake so. Kuma kar wani ya ce maka ka koma irin ta mayikrowef mai 5.8 GHz wai ta fi ƙarfi, ita har ta bayan gilashi da siririn bango take jin motsi, kusa da titi sai ta fi wannan damunka.

Mai_Wayarin:

Gaskiya ne Injiniya, sai dai in tasa kan sensar yana juyawa daban da fitilar ba sai ya sake sayen wata ba, ya fara gwada wannan ɗin. Na manta ban faɗi yadda ake gama saitin LUX ba. Bayan gwajin rana kar ka bar shi a alamar rana, in ba haka ba da tsakar rana ma kamawa za ta riƙa yi. Mayar da shi alamar wata, ka jira yamma daidai duhun da kake so ta fara aiki, sai ka riƙa murɗawa a hankali zuwa wajen rana wani yana kai-komo a gabanta, inda ta kama nan za ka bari. TIME kuma minti ɗaya zuwa biyu ya ishi mutum ya nemo makulli ya buɗe ƙofa. Ka lura kada hasken wata fitila ko nata da ke dawowa daga farin bango ya riƙa dukan idon sensar, wasu sai su ɗauka gari ya waye su mutu, duhu ya dawo su sake kamawa.

Sannan lokacin zafi sosai in bango da ƙasa sun ɗau rana har ɗuminsu ya kusa na jikin mutum, nisan da take ji yana raguwa, lokacin sanyi kuma ya ƙaru. Saitin da ka yi yanzu wataƙila ka ɗan taɓa SENS in yanayi ya juya.

Baban_Ilham:

Madalla. Tambaya ta ƙarshe Injiniya, akwai wani lungu ta gefen gidan da wannan ba za ta gani ba ko na juya ta yaya, zan iya ƙara sensa ta biyu ta riƙa kunna fitila ɗaya?

Injiniya_Tsoho:

Ana yi, amma da sensa masu zaman kansu masu waya uku ya fi sauƙi: layif, nutural, da wayar fita zuwa fitila wadda galibi ja ce ko an rubuta L da ɗan alama a kanta. Ka ba su layif da nutural duka biyun, ka haɗe wayoyin fitarsu wuri ɗaya su tafi fitila, duk wadda ta ji motsi za ta kunna. Sharaɗin shi ne su ci daga bireka ɗaya, kar ka ɗauko wa ɗaya wuta daga wani layi daban, in gidan mai fes uku ne, wato layin wuta uku daban-daban, wannan haɗari ne babba. Ita taka mai haɗe da fitila sau da yawa wayar fitar tana rufe a ciki ba a kai gare ta sai an ɓalle murfi, in ka ɓalle kuma ruwa ya samu hanya. In haka take, sa wa lungun tasa ƙaramar fitilar mai sensa wat 10 kawai ka huta, ko ka kira mai wayarin ya duba maka kafin ka yanke komai.