Abin farke ɗinki yana cin min shadda, ina matsalar take?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum teloli. Ina neman shawara kan abin farke ɗinkin nan mai baki biyu, ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere mai ɗan jan ƙwallo a kai. A atamfa ba ya ba ni matsala, amma a shadda da leshi sai ya riƙa cin yadin ko ya bar layin huji. Yanzu ma sai na danna da ƙarfi kafin zare ya yanke. Riƙon ne ban iya ba, ko dakushewa ya yi? Ana wasa shi? Sannan yaya ake warware wibin, wato ɗinkin da ke naɗe bakin yadi, ba tare da tsintar zare ɗai-ɗai ba?

Tela Mai Kaftani:
Wa alaikumus salam. Malama, tunda har sai kin danna, ya dakushe. Kaifinsa ba a tsinin yake ba, yana can cikin lanƙwasar da ke tsakanin bakunan biyu. Aikin tsinin ɗago zare kawai, ƙwallon kuma ya hana ɗayan bakin shiga yadi. Idan lanƙwasar ta daina ci, zaren zai riƙa jawo yadin kafin ya tsinke, ke kuma ki ƙara ƙarfi, daga nan hannu ya zarce, sai ɓarna.

Ɗinkin miƙe na keke irin Butterfly ko Singer zare biyu ne, na sama da na ƙasa, sun sarƙe a tsakiyar yadi. Ba sai kin yanke duka ba. Ki kwantar da rigar a kan tebur, ba a cinya ba. Ki zura tsinin a kwance ƙarƙashin zaren ƙasa, ki yanke ɗinki ɗaya ki tsallake uku ko huɗu, haka har ƙarshen layin. Sai ki juya rigar ki ja zaren sama, zai fito a dogonsa. Guntayen da suka rage ki kwashe su da salatif. Wurin da aka koma da baya don ɗaure ɗinki, a farko da ƙarshe, shi kam ɗai-ɗai ake cire shi, kada ki ja.

Akwai hanyar sauri da yara a shago suke so: a buɗe tsakanin yadin biyu, a sa ƙwallon a ƙasa, a tura gaba ɗaya, fiii. Tana yi a atamfa da yadi mai kauri idan ɗinkin bai matse ba, kamar milimita 2.5 zuwa 3. Ko a nan ɗin ma ƙwallon ne a ƙasa, ba tsinin ba, kuma a tura nesa da jiki. A shadda da leshi da yadi mai miƙewa ban yarda da ita ba sam.

Hajiya Mai Leshi:
Ƙanwata, ki raba matsalar gida biyu. Layin hujin da kike gani a shadda yawanci ba abin farkewar ya yi shi ba, sawun allurar keke ne tun ɗinkin farko. Shadda saƙarta a matse take, ga sitati da bugu, zaren ba ya komawa wurinsa da kansa. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki kankare wurin a hankali da farce ta tsaye da ta kwance, ki ɗora ƙyalle mai tsabta ki goge ta ciki. Hujin zai ragu sosai, amma ruwan na iya ɗan rage sheƙin wurin, don haka ki fara gwadawa a ragowar yadin. Idan da allura mai kauri kamar lamba 18 aka ɗinka, sawun ba zai ɓace duka ba. Dabara ita ce sabon ɗinkin ya bi kan tsohon layin ko ya ɗan shiga ciki ya rufe shi. Shi ya sa buɗa rigar shadda ya fi rage ta wuya.

Leshi kuwa tsinin yana ɗauko zaren adon tare da na ɗinkin, musamman idan launinsu ɗaya. Ki zauna inda haske yake, ki ɗan buɗa yadin biyu da yatsu har zaren ɗinkin ya bayyana a tsakani, ki yanke wanda kika gani kawai.

Wani abu da ba ki tambaya ba: idan da shi kike buɗe gidan maɓalli, ki gitta fil a ƙarshen gidan tukuna. Ko hannu ya zarce, fil ɗin zai tare. Ki fara daga gefe zuwa tsakiya, ki juya ki yi ɗaya gefen.

Baba Mai Gyaran Keke:
Maganar wasawa: ana yi, amma ba ta daɗewa. A yanko siririyar takardar yashi mai laushi, lamba 600 ko sama, a naɗe ta a jikin tsinken sakace, a goga cikin lanƙwasar ta gefe ɗaya sau goma sha biyar, a juya a yi ɗaya gefen. A gwada a kan zare a miƙe. In bai yanke da taɓawa ɗaya ba, 'yata, a sayi sabo. Kuɗinsa bai kai na yadi ɗaya na shadda ba.

Kafin wasawar ma a duba ko danƙo ne ya rufe kaifin. Gam ɗin da ake mannawa a wuyan riga da hannu yana liƙewa a nan, auduga da ɗan sifirit ke cire shi. Abin da ke kashe shi da wuri kuwa: yanka takarda da leda, ɓanɓare haƙoran zif, da jefa shi cikin gwangwanin fil da almakashi babu murfi. Da damina a shafa masa ɗigon man keke saboda tsatsa, a goge tas kafin ya taɓa yadi, don mai a farar shadda wata rigimar ce. Wanda ƙwallonsa ya fita ko tsininsa ya lanƙwashe, ya gama aiki.

Masu cewa reza ta fi, a hannun gwani tana da sauri, ban musa ba. Sai dai ba ta bambanta zare da yadi, ban ba mai koyo shawarar ta ba.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Baba. Saura batun wibin ɗin.

Tela Mai Kaftani:
Kada ki taɓa zaren da ya naɗe bakin yadin, shi ke jawo tsintar. Ki duba ta fuskar sama, za ki ga gajeren ɗinki miƙaƙƙe yana bin gindin naɗin, wannan ne zaren allura. Keken wibin mai zare uku layi ɗaya yake yi, mai zare huɗu layi biyu. Ki yanke shi duk bayan kamar inci biyu, ki zare guntayen da tsinin. Da zarar ya fita, naɗin zai sulluɓe da ja ɗaya. A mai zare huɗu sai layukan biyu sun fita duka, in kin bar ɗaya zai riƙe, yadin ya tattare.