Rufin motata yana yoyo, in kai wa mai walda ko in liƙe da gam?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Na sayi wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam irin mai ɗaki a ciki, da gado da tankin ruwa, don zuwa gona wajen Goronyo. Tun da damina ta faɗi ruwa ke ɗiga daidai kan gadon, katakon silin har ya yi baƙi. Rufin ba ƙarfe ba ne, faiba ne. Wani ya ce walda, wani ya ce gam, maiɗakina ta ce in sayar. Mi kuka gani?

Direban Illela: Kai ma fanal bita shi gasa wurin, magana ta ƙare. Haka anka yi wa bas ɗita, dubu 15.

Injiniya S.: Oga direba, ya ce faiba ne. Jikin irin motar nan falle uku ne, faiba ko alminiyam a waje, soso a tsakiya, falankin katako a ciki. Wuta ta taɓa shi sai dai a kira 'yan kwana-kwana. Alhaji, inda ruwa ke ɗiga ba lalle nan yake shiga ba, yana iya bin cikin rufi ya yi tafiya. Ka sa yaro a ciki da tocila, kai kuma ka riƙe tiyo a waje. Fara daga ƙasa, taga ɗaya bayan ɗaya, ka daɗe a kowace kafin ka hau sama. In ka fara da rufi komai zai jiƙe, ba za ka gane ba. Duba bakin tagar sama da kusoshin kariyar ɗora kaya sosai.

Ɗan Kware: Ni dai kada Allah shi maimaita min. Bara na kai Hiace ɗina wurin wani, ba zan kama suna ba. Ya karɓi dubu 40, yac ce kwana uku. Mota ta yi wata guda tana shan rana, kaji na kwana ƙarƙashinta. Da nid ɗauko, ashe fila ya shafe rufin da ita ya hura fenti. Ruwan farko na Agusta ina ɗauke da fasinja zuwa Tambuwal, wata tsohuwa ta buɗe lema cikin mota! Da munka ɓanɓare filar, tsatsa ta cinye wurin har yatsa na shiga. Na koma, wai ya tahi ƙauye biki. Har yau bikin bai watse ba.

Direban Illela: Dubu 40? An cuce ka tun daga ciniki.

Ɗan Kware: Kai taka shekara nawa da yi? Je ka tambayi kuɗin gwangwanin fenti yau.

Maman Sadik: Alhaji ka bi shawarar Hajiya. Katako in ya fara baƙi, na ciki ya riga ya ruɓe.

Injiniya S.: Ba dole ba. Danna da babban yatsa, in ya lotsa ko yana warin rima, sai an canza. In da tauri, a bar shi ya bushe. Kuma don Allah ban da silikon na gilashin ɗaki. Sabon gam ba ya kama saman tsohon silikon. A kankare tas, a goge, a sa gam irin wanda ake kira Sikaflex.

Ɗan Kware: Injiniyan waya ke nan. Ka taɓa hawa rufin mota da rana tsaka?

Injiniya S.: Wanda ya taɓa hawan ai shi ya sa tsohuwa buɗe lema.

Malam Na-Arkilla: Ku yi haƙuri da juna. Ni kwalta na narka na shafa, ko sisi ban kashe ba.

Sarkin Zolaya: Malam, da bazara kwaltar ba ta sauko ta gaida fasinja ba? Alhaji ka aje bokiti kan gadon, ga ruwan alwala kyauta.

Baban Khadija: Na gode. Nawa ne gam ɗin, kuma ina ake samu? Na manta, famfon tankin ma yakan tashi da kansa cikin dare.

Injiniya S.: To wannan wata matsalar ce daban. Famfo na tashi alhali an rufe kan ruwa, akwai tiyon da ke zuba a wani wuri. Duba ƙarƙashin wurin wanke hannu.

Direban Illela: Gam ɗin dubu 9 na gani.

Maman Sadik: Maigidana dubu 22 ya saya. Na dubu 9 jabu ne.

Ɗan Mabera: Ku kuna ta ruwan sama. Mu nan Mabera ta ƙasa yake shigo muna, kowace damina sai ya kai ƙofar mota. Jiya sai da nib biya yara sunka turo ni, kafet har yanzu yana bisa katanga.

Ɗan Kware: Ai ku ku ke cika kwata da leda.

Ɗan Mabera: Wace kwatar? Zo ka nuna min ita.