Ƙanina ya shanye daga wuya zuwa ƙafa, ina neman shawara

Uwar Biyu, Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanina ɗan acaba ne, mota ta buge shi wata uku da suka wuce. Likita ya ce ƙashin wuya ya taɓa laka, shi ya sa hannu da ƙafa ba sa motsi. An sallamo mu, yana kwance a ɗakina, ni ke ba shi koko a baki. Yanzu na ga fatar ƙugunsa ta yi ja. Me zan yi?

Ɗan Mile 12:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Jan nan mafarin gyambon kwanciya ne, kada ki raina shi. A riƙa juya shi duk awa 2, har da dare, a sa filo tsakanin gwiwoyinsa, kada a bar shi cikin lema. Da zafin Legas, gumi kaɗai na ɓata fata. Haka muka yi jinyar Baba.

Inna Idi-Araba:
'Yata, kada ki bari mai ɗori ya taɓa wuyan nan. Ku je asibitin ƙashi na Igbobi, su koya miki motsa gaɓoɓinsa kar su sandare. In fitsari ya yi wari ko zazzaɓi ya zo, asibiti nan take.

Uwar Biyu:
Na gode, Inna. Gobe da asuba zan nemi mota. Allah ya saka.